Soron da Ba Ya Kwana

An kawo ni Española ne don in ga ƙasa,
ba ta taswira ba, ta kwaɓi,
wadda ake takawa da ƙafa a zuba mata ciyawa.
Shekara arba'in ina ɗora tubali a Kazaure,
yau ga ni a Amurka, an rataya mini sunana a wuya,
ana tambayata yadda nake hana bango kuka da damina.

Kwana uku ina shafa katangun mutane.
Tubalinsu mai kusurwa ne, namu kamar ƙwai,
amma indararonsu ɗan ɗakinmu ne,
har na kusa yi masa sallama.

Rana ta huɗu yunwa ta karɓi ragama.
Sagir, yaron da ke juya mini magana,
ya tsaya gaban wata shuɗiyar ƙofa
da jan barkono ke lilo a kanta.
Mai wurin Ofelia ce, gajeriya, damtse kamar na leburana,
gari har a girarta.

Na ce, Sagir, tambaye ta da wane mai.
Bai buɗe baki ba ta dubi hulata,
ta ɗago jarka, ta nuna mini hoton masara.
Wai kakarta da kitse take tuya,
ita kuwa likita ya shiga tsakaninsu.
Na ce, ashe likitan nan ko'ina yana da gida.

Ta murza kwaɓin ya yi falle,
ta yanka kusurwa huɗu, ta saki cikin kasko.
Ya nutse.
Na ce shi ke nan, ya tafi.
Sai ya taso yana huci,
ya kumbura kamar wanda aka zagi uwarsa,
ta watsa masa mai a baya, ya huce, ya yi ja.

Sopaipilla, in ji ta.
Harshena ya yi tuntuɓe, ya ce sofafiya.
Ta ce ya wadatar.

Na ɓalle kunnensa, tururi ya fito,
na leƙa ciki: wayam.
Ko ɓera ba zai yi buɗa-baki a nan ba.
A kasuwarmu, mai fanken da ta sayar mini da iska
da mun je gaban sarkin kasuwa.

Ofelia ba ta ce uffan ba.
Ta miƙo gorar zuma, ta nuna ƙofar da na buɗe.

Na tsiyaya. Na juya shi a hankali
yadda nake bin lungu da makuba,
sai a lokacin idon magini ya farka:
rufi ne, ya tashi ta ko'ina,
babu ginshiƙi, babu azara ko ɗaya.
Ni sai na yi wata ina lallashin itace
kafin ɗaurin guga ya yarda ya tsaya.
Ita ta gama nata kafin in kai ƙarshen bisimilla.

Barira, 'yata, da kika ƙirga mini ƙwayoyin suga
kika ɗinke su a aljihun hagu,
ɗaya na ci.
Sagir zai ce uku. Yaro ne, lissafinsa na boko.

Na sa aka ƙunshe mini wani don dare.
Bayan lisha na kwance takarda a masauki,
na tarar soro ya zauna,
rufi ya sumbaci daɓe, ya yi laushi kamar tsumma.
Na yi dariya ni kaɗai, har da 'yar mugunta:
nawa dai yana ganin jikoki.

Duk da haka na cinye kangon.

Washegari na hau mumbari in yi bayanin yaɓe,
manyan malamai sun zaro alƙaluma,
ni kuwa katin wuyana sai manne wa riga yake,
wani ƙuda ɗan New Mexico
yana karanta sunana harafi harafi.